MI YA SAMI GURUP ƊINMU?

Jawabin ƴan kwamitin inji gaban babban taron ƙungiya. Munka rubuta shi nan don ƴan'uwa da ke Yamai, Ikko, Abijan, Kwatano da Aljeriya, waɗanda ba su samu zuwa ba.



Mu biyar ne kunka ɗora ma nauyin injin wuta na gari, wanda kowa ke ce ma gurup. Yau wata huɗu ke nan mata sun koma jan guga a tsohuwar rijiya, shato ba shi cika, hirigon gidan likita sai an kai allurai wani gari. Mun ji maganganun da ake yi. Wasu sun ce an saye mushe. Wasu sun ce waɗanda munka aika saye sun ci riba bisa kuɗin jama'a. Wata takarda ta zo daga Abijan tana cewa a saida shi ko nawa ne, a huta. Ba mu ji haushi ba, don kuɗinku ne, gumin dako da na gadi da na tura baro. Abin da za mu yi yau shi ne mu hwaɗa maku abin da anka gani cikin injin, ɗaya bayan ɗaya, har da inda laihin namu ne.

Ku tuna lokacin da anka saye shi. Ƙarshen shekara 2023 ne. Cikin watan Agusta na wannan shekara Najeriya ta yanke kuran da take ba Nijar, kowane mai shago da mai garaji a Maraɗi shina bidar gurup, kuɗinsu ya hau. Sabo ya hi ƙarhinmu. Munka samu na hannu, mai silinda 3, mai sha gazuwal, an rubuta 20 kVA bisa jikinshi. Agogon awa nashi ya nuna sama da awa 6000, amma agogon awa abu ne da ake canzawa da kusa biyu, don haka ba mu rantse da shi ba. Shekara guda da rabi ya yi muna aiki ba gardama. Daga nan ya hwara: da sahe sai an daɗe ana murzawa kahin shi tashi, in ya tashi murya tana hawa tana sauka, hitila tana haske tana dushewa, hayaƙi baƙi ƙirin, in an kunna injin niƙa sai shi yi nishi shi mutu.

Kuskurenmu na hwarko ga shi. Munka kira wani yaro mai gyaran motoci da ya zo cin kasuwa. Ya ji injin ba ƙarhi, ya ce mai ne ba shi isa. Ya yanke dalmar da ke bisa pampon gazuwal, ya murɗa kusar da ke ƙara mai. Kwana biyu injin ya yi kamar ya warke. Rana ta uku hayaƙi ya ninka, gazuwal da ke kai mu sati ya ƙare cikin kwana huɗu. Da munka koma gare shi ya ce pampon ya mutu, sai a sayo wani, ya hwaɗi kuɗin da ya kusa kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gurup ɗin duka. Allah ya taimake mu asusu ba kuɗi a lokacin. Da akwai, da mun saye, da kuma injin shina nan yadda yake.

Sai wani ɗan'uwanmu direba ya kawo muna wani tsohon makaniki daga Maraɗi, wanda ya yi shekaru shina gyaran injunan rijiyoyi. Abin da ya ba mu mamaki, ya yi kusan awa guda bai buɗe akwatin kayan aikinshi ba. Tambaya kawai. Yaushe abin ya hwara? Rana guda ko sannu sannu? Da sanyi ya hi yi ko da zahi? Ina kuke sayen mai? Yaushe rabonku da juye baƙin mai? Ina littahin da kuke rubutawa? Nan munka dubi juna, don ba mu da littahi.

Ya zaunar da mu ya yi muna bayani, mu ma za mu maimaita maku shi, don in kun gane wannan kun gane sauran. Injin gazuwal ba shi da buji mai tartsatsi irin na babur ko na ƙaramin gurup mai isansi. Iska zalla yake zuƙa, pistan shi matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 17 ko 18 na girmanta. Matsin nan shi ke sa ta yi zahi hiye da digiri 500. Daidai wannan lokaci ake hesa gazuwal kamar hazo, shi kama wuta da kanshi. Ke nan abu uku yake bukata: iska mai yawa, mai mai tsabta da ya zo bisa lokaci, da matsi. In inji ya rasa ƙarhi, ɗaya cikin ukun nan ya ragu, ko kuwa an aza mashi kayan da ya hi ƙarhinshi. Ya ce a hwara dubawa daga abin da ba shi cin kuɗi, a bi a hankali zuwa mai tsada. Pampo shi ne na ƙarshe, ba na hwarko ba.

Sannan ya ce mu tada shi, ya koma waje ya tsaya shina kallon hayaƙi. Hayaƙi kala uku ne, kowane da maganarshi. Baƙi: mai ya hi iska yawa, ko kaya sun yi nauyi. Hwari: mai ne da bai ƙone ba, ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba, kaɗan da sahe lokacin ɗari ba komi ba ne in ya ɗauke bayan injin ya yi ɗumi. Shuɗi: injin shina ƙona baƙin mai nashi. Namu baƙi ne sosai, da ɗan shuɗi a ƙarƙashi. Ku riƙe shuɗin nan, za mu komo gare shi.

Ya hwara da iska. Ya kwance matacin iska, wanda makanikai ke ce ma hiltar, ya bar injin ya yi minti guda ba shi. Nan take murya ta washe, hayaƙi ya ragu da rabi. Da ya bubbuga matacin bisa tabarma, abin da ya zubo ya cika ƙoƙo: ƙurar hunturu ce haɗe da garin hatsi. Lita guda ta gazuwal ba ta ƙonewa sarai sai da iska sama da lita 10000. Ku duba yawan iskar da ke bi ta cikin takardar nan kowace rana. Kuma mu da hannunmu munka gina ɗakin inji manne da ɗakin niƙa, munka hana mashi taga don tsoron ɓarayi. Injin shina shaƙar dusa, shina shaƙar zahin kanshi. Mutum ma in an ruhe shi haka ba shi iya ɗaukar buhu. Wannan laihin kwamiti ne, ba na mai saidawa ba, ba na waɗanda sunka sayo ba.

Wani abu bisa matacin nan: kada a wanke na takarda da ruwa ko da gazuwal, kada a huda shi don iska ta wuce. Yaronmu mai kula da inji ya gaya muna da gaskiya cewa akwai kwanakin da ya cire shi ɗungum don injin shi samu ƙarhi. Ba mu yi mashi hwaɗa ba, don ba wanda ya koya mashi. Amma ƙura in ta shiga silinda tana cin ƙarhe kamar yadda yashi ke cin gindin tukunya.

Daga nan sai mai. Ya kwance kusar da ke ƙarƙashin tanki, ya tara kwalba mai haske, ya aje ta bisa dakali. Bayan minti goma kowa ya gani da idonshi: gazuwal a sama, ruwa kamar yatsa biyu a ƙasa, da baƙin laka. Ruwa ya hi gazuwal nauyi, kullum ƙasa yake kwanciya, kuma daga ƙasa injin ke sha. Ina ruwan ya hito? Tanonmu shina tsaye a hili, damina ta zuba bisa kanshi, ruwa ya kwanta kewayen marhi ya tsiyaya ciki. Tanki kuma in an bar shi rabi da dare, raɓa tana haɗuwa a jikinshi daga ciki. Sai na uku, wanda kowa ya sani: lokacin da kuɗi sunka yi kaɗan mun sayi mai na bidon a bakin hanya don ya hi araha. Ba mu ce duk mai saida shi macuci ne ba. Amma bidon da ya ɗauki isansi jiya, kananzir shekaranjiya, ba ka san abin da ka zuba ba. Gazuwal shi ne ke shahwa ma pampo da allurai maiƙo daga ciki. Kananzir da isansi ba su da wannan maiƙo, ruwa kuwa tsatsa yake kawowa. Araha ba ta ado. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke hidda gazuwal cikin ƙasarmu, a tashar mai ake samun shi, can za mu riƙa saye ko da za mu biya kuɗin mota.

Anka wanke tanki, anka canza matacin gazuwal. Hayaƙi ya ƙara raguwa, amma muryar nan mai hawa da sauka tana nan. Wannan shi ne wurin da ya hi ba mu wahala, shi ne kuma wurin da munka ga aikin sani. Mun duba tiyo duka ba mu ga inda mai ke ɗiga ba. Tsohon ya yi dariya ya ce ba za ku gani ba. Tiyon da ke tsakanin tanki da ƙaramin pampo zuƙa yake yi, ba turawa ba. In ya tsage, mai ba shi hita waje, iska ce ke shiga ciki. Ya cire tiyon, ya sa wani na roba mai haske, ya tsoma bakinshi cikin bidon na mai mai kyau. Injin ya daidaita kamar an ɗaure shi. Ya maida tsohon tiyo, ya haɗa mai hasken a gabanshi: ga kumhwa tana wucewa jere kamar tsakiya a zare. Tsaguwar tana ƙarƙashin maɗaurin ƙarhe, ba ta kai tsawon hwarce ba. Mai ba shi matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. In kumhwa ta kai ga pampo, sai shi tura iska maimakon mai, injin shi sauka, gwamna mai riƙe gudu shi ƙara mai, injin shi haura, haka nan ba iyaka. Ita ce kuma ke sa mai shi koma tanki da dare, da sahe a yi ta murza har batir shi mutu. Tiyon da ya hana gari ruwa, kuɗinshi bai kai na kaza ba.

Ga dalilin da ya sa gudun nan ke da muhimmanci. Gurup irin namu dole shi juya sau 1500 cikin minti guda kahin shi ba da kuran mai lamba 50 bisa agogon da anka rubuta Hz. In ba kaya bisa kanshi allurar tana iya tsayawa 51 ko 52, in an aza kaya ta sauko 50. In kunka ga ta sauka 47 ko 46 ta zauna can, ku rage kaya nan da nan. Kuran mai rauni shi ke ƙona motar pampon rijiya, ita kuwa tana can ƙasa mita da yawa, hiddo ta kaɗai aiki ne na kwana biyu.

Saura allurai masu hesa mai, anjakter. Injin shina aiki, tsohon ya sassauta kusar bututun silinda ta hwarko: murya ta canza, injin ya girgiza. Ya ɗaure. Ta biyu haka. Ta uku, ya sassauta, kusan ba abin da ya canza. Ke nan silinda ta uku da ma ba ta aiki sosai, biyu ke jan kayan uku. Anka tahi da allurai ukun Maraɗi, anka gwada bisa na'ura gaban ɗaya daga cikinmu. Biyu suna heshi kamar hazo, ta uku tana ɗiga kamar hancin mai mura. Anka canza bakinta. Pampon da anka ce ya mutu, anka aza shi bisa na'ura shi ma: lahiyarshi lau, sai dai kusar da anka murɗa. Anka maida ta wurinta, anka sa sabuwar dalma. Muna roƙo, kada kowa shi sake taɓa dalmar nan. Kuma kada yaro shi kai hannu gaban allura ko bututu mai yoyo don shi ji ko mai na hitowa. Ƙarhin heshin ya kai shi huda hwata shi shiga cikin nama, ciwon kuwa shina iya kai ga yanke yatsa.

Zahi ba mu daɗe bisa shi ba. Radiyatar ta toshe da ƙaiƙayi daga waje, anka hure ta. Kurwar hwanka ta saki, anka ɗaure. Ruwan rijiya da muke zubawa ya bar hwarin dutse a ciki, anka wanke. Wani ya ba da shawara a cire tarmosta a yar, kamar yadda direbobi da yawa ke yi. Tsohon ya hana, ya ce inji mai aiki da sanyi ba shi ƙona mai sarai, kuma ya hi saurin cinyewa. Kada a buɗe marhin radiyatar injin shina da zahi.

Yanzu maganar da ba ta da daɗi, maganar kaya. 20 kVA da anka rubuta, ƙarhin aiki na gaskiya kilowat 16 ne, shi ma ga sabon inji cikin iska mai sanyi. Namu tsoho ne, kuma da bazara zahi shina wuce digiri 40, iska mai zahi ba ta da kauri, ƙarhi shina raguwa. Pampon rijiya kilowat 5 da rabi. Motar niƙa 7 da rabi. Hirigo, hitilu da cajin salula kamar 2. Ku haɗa: 15. Ba sauran wuri. Kuma motar lantarki lokacin da take tashi tana jan kuran kamar sau shida na abin da take ci in ta kama gudu. Gurup ɗinmu amper 29 yake iya bayarwa bisa kowace waya cikin ukun. Motar niƙa tana cin 15 in tana gudu, amma wajen tashi tana bidar kusan 90 na ɗan lokaci. In pampo shina aiki anka kunna ta, ga hatsi cike cikin baki, dole injin shi durƙusa. Jaki ne anka aza ma kayan raƙumi. Bisa haka kuma munka ishe an ja waya a ɓoye zuwa wurin walda. Ba mu kiran suna a nan, mai ita ya cire da kanshi, magana ta wuce. Hitilun gari kuma duka bisa waya guda anka ɗaura su, biyu na zaune banza; an raba su yanzu.

Kada kuma a ce to sai a bar shi shina cajin salula kaɗai don shi huta. Injin gazuwal da ke yini da kaya ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarhinshi ba shi yin zahin da ya kamata, baƙin maiƙo shi riƙa tsiyaya daga bututun hayaƙi. Tsakiya yake so, kamar kashi uku cikin huɗu.

Mun komo ga shuɗin hayaƙi. Bayan duk gyaran nan shina nan, kaɗan. Tsohon ya buɗe marhin da ake zuba baƙin mai injin shina aiki: tururi shina hitowa, ba mai yawa ba, amma shina hitowa. Wannan alama ce zobban pistan, sagiman, sun hwara cinyewa, matsi shina zurarewa ƙasa. Wani kashi tsuhwa ne, wani kashi ƙurar da munka bari ta shiga. Ya ce in an kiyaye shi zai kai mu wata damina, wataƙila hiye, amma ranar buɗe shi tana zuwa, gara ta ishe mu da kuɗi a hannu. Ke nan ga amsar masu tambaya: ba mushe anka saye ba, ba sabo ba ne kuma. Ƴan'uwanmu biyu da sunka tahi saye, mun duba takardunsu gaban ma'aji da wakilin Maigari, lissahi ya cika daidai. Ya kamata waɗanda sunka zarge su su same su su ba su haƙuri.

Duk abin da anka kashe a gyaran ga, da kuɗin makaniki da na mota, bai kai rabin kuɗin pampon da anka so mu saye ba. Ma'aji zai karanta shi dalla dalla bayan mun zauna. Yau kwana 19 shato shina cika kahin azahar.

Abin da muke bida ga taro shi yarda da shi ga shi. A huda taga biyu a ɗakin inji, da ƙarhe a jikinsu, ɗaya gaban radiyatar, a toshe ƙohwar da ke kallon ɗakin niƙa, a hidda bututun hayaƙi waje sosai. Bisa wannan muna ƙara jan kunne: mun ji mai gadi shina kwana ciki lokacin ɗari don ɗumi. Hayaƙin inji a ɗaki ruhe shina kashe mutum cikin barci, Baba, don Allah a daina. A kwantar da tano a inuwa bisa itace, sabon mai shi kwana shi yini kahin a ɗiba, kada a ɗibi na gindi. A cika tanki da marece, a tsiyaye ruwan ƙasa kowane sati. A juye baƙin mai kowace awa 250, da matacinshi. A raba lokaci: niƙa da hantsi, pampo kahin nan da bayan nan, in dole su haɗu, a tada motar niƙa tukuna ba hatsi a ciki, sannan pampo. A sayi littahi, yaro shi rubuta awa, lita, kalar hayaƙi da abin da anka canza, kowace rana. Shi kanshi yaron a aika shi Maraɗi wata guda wurin tsohon nan, ya yarda zai karɓe shi. Kuma cikin kuɗin ruwa da na niƙa a ware kashi guda a asusu dabam, wanda ba a taɓawa don biki ko tarbar baƙi, sai don ranar sagiman.

Ƴan'uwa na Abijan sun tambayi maganar sola ga pampon rijiya. Mu ma muna ganin hanya ce mai kyau, don zai sauke ma gurup kilowat 5 da rabi da rana. Mun sa a tambayo kuɗi wuri biyu, za mu kawo maku a taro mai zuwa. Wanda ke da magana bisa abin da munka karanta, na gida shi tashi yanzu, na nesa shi aiko ma magatakarda kahin ƙarshen wata. Maigari, ranka shi daɗe, mun gama.